Shari'ar Kadarorin Trump a New York: Ina Ƙiyasi Ya Tsaya, Ina Zamba Ta Fara?

A ranar 16 ga Fabrairun 2024, alƙali Arthur Engoron na jihar New York ya umarci Donald Trump da kamfanoninsa su biya kusan dala miliyan 355, ban da kuɗin ruwa, saboda zuzuta darajar kadarorinsa a takardun da ya miƙa wa bankuna da kamfanonin inshora. A ranar 21 ga Agustan 2025 kuma, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke wannan kuɗi gaba ɗaya. Tun daga nan magana ta rabu biyu a bakin jama'a. Wasu na cewa an wanke shi tas, wasu na cewa mai laifi ya sha don ya koma kan mulki. Duka maganganun biyu ba su dace da abin da kotunan suka rubuta ba.

Ruɗanin ya samo asali ne daga cuɗa tambayoyi uku da ya kamata a ware. Ta farko, shin alƙaluman da aka rubuta ƙarya ne ko bambancin ra'ayi ne kan farashi? Ta biyu, idan ƙarya ce, wa ta cutar? Ta uku, nawa ya dace a biya? Kowace tambaya da amsarta, kuma ƙarfin hujjar kowane ɓangare ya bambanta daga wannan tambaya zuwa waccan.

Ma'anar muhimman kalmomi

Shari'ar madaniyya ita ce wadda ake yi kan dukiya da haƙƙoƙi, hukuncinta biyan kuɗi ne ko hani daga wani aiki, ba ɗauri ba. Wannan shari'a irinta ce. Dabam take da shari'ar laifi da aka yi wa Trump a Manhattan a 2024 kan takardun kasuwanci.

Antoni-janar, kalmar da aka aro daga Turanci, na nufin babban lauyan gwamnati. A jihar New York zaɓensa ake yi kamar gwamna, kuma mai riƙe da kujerar tun 2019 ita ce Letitia James, 'yar jam'iyyar Democrat.

Takardar bayanin dukiya ita ce wadda mai neman bashi ke jera kadarorinsa da basussukansa a cikinta, ya nuna abin da ya rage masa. Kamfanin akantoci na Mazars ne ya riƙa haɗa ta Trump kowace shekara, daga alƙaluman da kamfanin Trump ya ba shi, ba tare da ya binciki gaskiyarsu ba.

Darajar kadara iri-iri ce. Akwai darajar kasuwa, wato abin da mai saye zai biya da yardarsa, mai sayarwa ya karɓa ba bisa tilas ba. Akwai darajar haraji, wadda hukuma ke sanyawa don lissafin abin da za ta karɓa. Akwai kuma ƙiyasin ƙwararre, wanda mai lasisin kimanta kadara ke rubutawa bayan ya duba kuɗin shigar wurin da farashin makamantansa. Kadara guda na iya ɗaukar alƙaluma uku mabambanta ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Ƙwato haramtacciyar riba shi ne a karɓe abin da mutum ya samu ta hanyar da ba ta dace ba. Ba diyya ba ce, domin diyya asarar wanda aka cuta take aunawa, wannan kuwa ribar wanda ya yi cutar yake aunawa. A kan wannan bambanci rabin gardamar ta ginu.

Asalin shari'ar

A Fabrairun 2019, Michael Cohen, tsohon lauyan Trump, ya shaida wa majalisar dokokin Amurka cewa maigidansa kan ɗaga darajar kadarorinsa idan hakan zai amfane shi, ya kuma rage ta idan maganar haraji ta zo. Ofishin James ya buɗe bincike a wannan shekara. A Fabrairun 2022 ta bayyana cewa Mazars ya raba gari da kamfanin Trump, ya kuma ce kada a ƙara dogaro da takardun shekaru goma da ya haɗa. A Satumbar 2022 James ta shigar da ƙara kan Trump, da manyan 'ya'yansa, da tsofaffin jami'an kuɗinsa biyu, Allen Weisselberg da Jeffrey McConney. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta cire 'yarsa Ivanka, saboda wa'adin tuhumarta ya wuce.

Dokar da aka yi amfani da ita, sashe na 63(12) na dokar zartarwa ta jihar, an kafa ta a 1956. Ta bai wa antoni-janar ikon gurfanar da duk wanda ke maimaita zamba a harkar kasuwanci. Ƙarfinta shi ne, a babbar tuhumar da ke ƙarƙashinta ba sai an tabbatar da niyyar cuta ba, ba kuma sai an kawo wanda ya yi asara ba. Ya isa a nuna cewa bayanin ƙarya ne, yana iya yaudara, kuma an maimaita shi.

A ranar 26 ga Satumbar 2023, tun kafin a fara sauraren shaidu, Engoron ya yanke cewa takardun da ke gabansa sun isa su tabbatar da zamba. Zaman da aka fara ranar 2 ga Oktoba ya duba sauran tuhume-tuhume da girman hukunci. Alƙalin shi kaɗai ya saurara, babu ayarin 'yan ƙasa masu taya yanke hukunci.

Kadarorin da ake jayayya a kansu

Gidan Trump mai hawa uku da ke ƙololuwar Trump Tower a Manhattan shi ne misali mafi sauƙi. Faɗinsa murabba'in ƙafa 10,996 ne, kimanin murabba'in mita 1,020, kuma akwai takardar 1994 mai wannan adadi da Trump ya sa wa hannu. Amma shekara da shekaru ana lissafa shi a matsayin murabba'in ƙafa 30,000, kusan ninki uku. Da wannan awo aka kai darajarsa dala miliyan 327 a 2015 da 2016. Sai da mujallar Forbes ta tono maganar a 2017 aka gyara, darajar ta faɗi da kimanin dala miliyan 200. Trump ya amsa a kotu cewa adadin ya yi yawa, ya ce kuskure ne kuma an gyara. Weisselberg kuwa ya amsa laifin rantsuwa kan ƙarya a 2024 dangane da shaidar da ya bayar a binciken, aka yanke masa ɗaurin wata biyar.

A nan ne hujjar masu ƙara ta fi ƙarfi. A kasuwa ana ciniki kan kuɗin mudu, amma ba a ciniki kan yawan mudun da ke cikin buhu. Farashin murabba'in ƙafa ra'ayi ne, yawan murabba'in ƙafa awo ne.

Mar-a-Lago, katafaren gidan da ke Palm Beach a jihar Florida, lamarinsa ya fi sarƙaƙiya. Attajira Marjorie Merriweather Post ce ta gina shi a shekarun 1920. Trump ya saye shi a 1985 kan kimanin dala miliyan 10, ya mai da shi kulob a 1995, wato wurin shaƙatawa na mambobi masu biyan kuɗi. A hukuncinsa na farko, Engoron ya ce hukumar harajin yankin ta kimanta shi tsakanin dala miliyan 18 da miliyan 27.6 daga 2011 zuwa 2021, alhali takardun Trump sun sa shi tsakanin miliyan 426 da miliyan 612.

Wannan kwatance ya jawo suka, har daga dillalan gidaje da ba ruwansu da siyasa. Hukumar haraji na kimanta kulob ne bisa kuɗin shigar da yake kawowa, ba bisa abin da attajiri zai biya don fili mai faɗi tsakanin teku da tafki ba. A Palm Beach an sayar da gidajen da ba su kai shi ba a kan sama da dala miliyan 100. Dillalin da lauyoyin Trump suka kawo, Lawrence Moens, ya ce wurin ya haura dala biliyan ɗaya. Duk wanda ya san kasuwar ya san ba za a sayar da Mar-a-Lago a kan miliyan 18 ba.

Sai dai a nan ma akwai abin da ba ra'ayi ba ne. A 2002 Trump ya sa hannu kan takardar da ya sallama wa wata ƙungiyar adana gine-ginen tarihi haƙƙin amfani da wurin don wani abu ban da kulob, kuma matsayin kulob ya rage masa haraji. Amma a takardar bayanin dukiya, an kimanta shi tamkar gidan zama da babu wani sharaɗi a kansa. Lauyoyinsa sun ce takardar ba ta hana a mai da shi gidan zama ba. Masu ƙara suka ce ba za a nuna wa hukumar haraji kulob, a nuna wa banki gidan zama ba. Saboda haka ainihin tambayar ita ce ko an ɓoye sharaɗin da ke rage daraja, ba wai ko miliyan 18 ce farashin gaskiya ba.

Sauran kadarorin sun bi wannan salo. Ginin ofisoshi mai lamba 40 a titin Wall Street, ƙwararru sun kimanta shi dala miliyan 200 a 2011, takardar Trump ta wannan shekara ta ce kusan miliyan 525. Gandun Seven Springs da ke arewa da birnin New York, wanda aka saya dala miliyan 7.5 a 1995, an kai shi miliyan 291 bisa lissafin manyan gidajen da ba a gina ba, alhali ƙiyasin ƙwararru na 2015 ya tsaya kan miliyan 56.5. A ginin Trump Park Avenue, gidajen haya 12 da doka ta ƙayyade kuɗin hayarsu an lissafa su kamar babu wannan ƙa'ida. A wasu filayen wasan golf an ƙara kashi 15 ko 30 cikin ɗari saboda sunan Trump, alhali takardar ta ce ba a sa darajar suna a lissafi ba.

Wa aka cuta?

Babbar kariyar Trump ita ce babu wanda ya yi asara. Deutsche Bank, bankin Jamus da ya ba shi bashin wurin golf na Doral a Florida, da otal na Chicago, da tsohon ginin gidan waya na Washington da ya mai da otal, ya karɓi kuɗinsa da ribarsa, bai kuma kai ƙara ba. Jami'an bankin sun shaida cewa suna yin nasu lissafin, suna zaftare alƙaluman da abokin ciniki ya kawo, har sukan rage dukiyar da Trump ya faɗa da kusan rabi, kuma duk da haka suka ba shi bashi don suna son hulɗa da shi. Akwai kuma gargaɗi a jikin takardar cewa alƙaluman ƙiyasi ne, wanda Trump ya ce ya sauke masa duk wani nauyi. Farfesa Eli Bartov na Jami'ar New York, masanin lissafin kuɗi, ya shaida cewa bai ga zamba ba.

Amsar masu ƙara tana da rassa uku. Na farko, Trump ya samu rangwamen kuɗin ruwa ne domin ya tsaya wa bashin da dukiyarsa ta kansa, kuma yarjejeniyar ta wajabta masa riƙe dukiyar da ba ta gaza dala biliyan 2.5 ba, yana tabbatar da haka da takarda kowace shekara. Na biyu, zaftarewar banki daga adadin da aka ba shi take farawa, idan tushen ya kumbura sakamakon ma zai kumbura. Wani tsohon jami'in bankin mai kula da kasadar bashi ya shaida cewa ya ɗauka alƙaluman gaskiya ne a dunƙule. Na uku, dokar 1956 ba bankin kaɗai take karewa ba, amanar kasuwa take karewa, domin idan mai ƙarya ya samu bashi mai rahusa, mai gaskiya ne ke biyan mai tsada. Game da gargaɗin kuwa, Engoron ya ce nauyi yake ɗora wa Trump, ba sauke masa yake yi ba, tunda ya nuna cewa shi ke da alhakin alƙaluman.

Kowane ɓangare na da abin kamawa. Biyan bashi ba ya mai da ƙaryar da aka yi lokacin karɓarsa gaskiya. Amma rashin wanda ya fito ya ce an cuce shi yana da nauyi idan aka zo auna girman hukunci.

Yadda aka lissafa kuɗin

Dala miliyan 355 ɗin kashi uku ce. Akwai miliyan 168 na rangwamen kuɗin ruwa, wanda wani masanin harkar banki da masu ƙara suka kawo, Michiel McCarty, ya lissafa ta hanyar kwatanta abin da Trump ya biya da abin da zai biya da bai tsaya wa bashin da kansa ba. Akwai kusan miliyan 127 daga ribar sayar da otal ɗin tsohon gidan waya a 2022. Akwai miliyan 60 daga sayar da haƙƙin gudanar da filin golf na Ferry Point a 2023. Dokar jihar ta ɗora kuɗin ruwa na kashi 9 cikin ɗari a shekara, jimillar ta kai kusan miliyan 454, tana ƙaruwa da sama da dala 110,000 kowace rana. An ci 'ya'yan Trump biyu, Donald ƙarami da Eric, kimanin miliyan 4 kowanne, Weisselberg miliyan ɗaya.

Ban da kuɗi, an hana Trump shugabantar kamfani a jihar na shekara uku, 'ya'yansa biyu na shekara biyu, an hana shi karɓar bashi daga bankunan da ke da rajista a jihar na shekara uku, an kuma tsawaita aikin Barbara Jones, tsohuwar alƙaliyar tarayya da kotu ta naɗa ta sa ido kan harkokin kuɗin kamfanin.

Masu suka sun kama lissafin ta wurare biyu. Kwatancen kuɗin ruwan ya ɗauka cewa da an faɗi gaskiya, Trump ba zai samu rangwame ko kaɗan ba, alhali ko da dukiyar da bankin ya zaftare, yana iya cancanta. Ribar otal kuma ba daga bashin kaɗai ta fito ba, akwai jarin da aka zuba, da gyaran ginin, da tashin kasuwa. Masu goyon bayan hukuncin sun ce ba don bashin ba da babu otal ɗin, don haka ribarsa 'yar zambar ce.

Don a dakatar da karɓar kuɗin yayin ɗaukaka ƙara, doka ta bukaci a ajiye lamunin cikakken adadin. Lauyoyin Trump sun ce sun tuntuɓi kamfanoni kusan 30 ba su samu ba. A Maris 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage lamunin zuwa dala miliyan 175, aka ajiye.

Abin da kotun ɗaukaka ƙara ta yanke

Alƙalai biyar ne suka duba ƙarar, suka rabu gida uku a hukunci mai shafi sama da 300. Peter Moulton da Dianne Renwick sun ce antoni-janar na da hurumi, an tabbatar da zamba, kuma takunkuman da aka sa wa kamfanin sun dace. Amma sun ce kuɗin, wanda ya riga ya haura dala miliyan 500, tara ce da ta wuce kima, ta saɓa wa gyara na takwas na kundin tsarin mulkin Amurka. A ganinsu an yi cuta, sai dai ba ta kai girman da za a miƙa wa jiha rabin biliyan ba, kuma ba a nuna cewa duk ribar daga zambar ta fito ba.

John Higgitt da Llinét Rosado sun so a sake shari'ar, musamman saboda maganar wa'adi. Tun a 2023 kotun ta ce abin da ya auku kafin Yulin 2014 ya fita daga lissafi, Engoron kuma ya ɗauki kowace takardar shekara da aka miƙa bayan nan a matsayin sabuwar zamba, ko da bashin tsoho ne. David Friedman shi kaɗai ya ce a kori ƙarar ɗungurungum, yana ganin manufarta siyasa ce. Higgitt da Rosado sun sa hannu tare da na farkon ne domin a samu rinjayen da zai buɗe hanyar zuwa kotun ƙolin jihar.

Sakamakon shi ne kuɗi ya faɗi, hukuncin zamba da takunkuman suka tsira a rubuce, ɓangarorin biyu kuma suka ɗaukaka ƙara zuwa gaba.

Inuwar siyasa

Ba za a raba wannan shari'a da siyasa ba. James ta yi yaƙin neman zaɓe a 2018 tana alkawarin bincikar Trump, kuma wannan ya bai wa magoya bayansa hujjar cewa an zaɓi mutum ne kafin a nemo laifi. Masu kare ta na cewa shaidar Cohen a bainar jama'a aka bayar da ita, kuma ofishin da ya kau da kai daga irinta ya gaza aikinsa. A Oktobar 2025 gwamnatin tarayya ta tuhumi James da zambar bashin gida a jihar Virginia, ta musanta, a Nuwamba alƙali ya kori tuhumar saboda naɗin mai gabatar da ƙarar bai bi doka ba. Kowane ɓangare yanzu na zargin ɗayan da mai da kotu makami, kuma amincewar jama'a da shari'a ce ke raguwa.

Abin da ka iya biyo baya

Tasiri na farko kan ikon antoni-janar ne. Idan matsayin Moulton ya tabbata, ofishin zai ci gaba da shiga tsakanin manyan 'yan kasuwa da bankuna ko da babu mai kuka, amma dole ya nuna alaƙa ta kai-tsaye tsakanin ƙarya da kowace dala da yake nema. Idan ra'ayin Friedman ya yi rinjaye, dokar za ta koma kare ƙananan masu saye kawai.

Na biyu kan iyakar tara ne. Tun 2019 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa hanin tara mai wuce kima ya hau kan jihohi, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba. Ɗaukar ƙwato riba a matsayin tara idan kuɗin baitulmalin jiha zai shiga zai bai wa kamfanoni da dama hujjar ƙalubalantar irin wannan hukunci.

Na uku kan masu harkar gidaje da bankuna ne. Wasu sun yi fargabar cewa shari'ar za ta kori masu zuba jari daga New York. Wasu na ganin darasinta mai sauƙi ne: mai kadara na da 'yancin kyautata zato kan farashi, amma idan yana riƙe da ƙiyasin ƙwararre, ko sharaɗin da ya rage daraja, ko awon da ya saɓa wa abin da ya rubuta, ɓoye su na iya kai shi kotu.

Kammalawa

Wanda ya ce duk maganar bambancin ra'ayi ce kan farashi bai yi bayanin murabba'in ƙafa 30,000 ba, bai yi bayanin gidajen da aka lissafa ba a gina su ba. Wanda ya ce rabin biliyan daidai ne bai amsa tambayar da alƙalan ɗaukaka ƙara suka yi ba, ta yadda aka ɗaura kowace riba a wuyan zamba. Hujjar cewa an rubuta abin da ba gaskiya ba tana da ƙarfi, hujjar girman kuɗin tana da rauni, kuma yarda da ɗaya ba ta tilasta musun ɗayar. Mai karatu, idan ka ji an ce an wanke Trump ko an ce ya sha, ka tambaya wanne ake nufi, laifin ko tarar. A hukuncin Agustan 2025, tarar ce aka soke, ba a soke samun sa da zamba ba.